Alƙalanka Biyu Ne: Shawara ga Mai Neman Kujerar Koyarwa da Bincike a Fannin Sadarwar Albarkatun Ƙasa a Amurka

Tambayar da ta fi zuwa mini daga 'yan'uwan da suka sauka Amurka da digirin aikin jarida, ko na gandun daji, ko na aikin malamin gona, kashi biyu ce. Wai wannan fanni da ake kira sadarwar albarkatun ƙasa, wato nazarin yadda masana da hukumomi ke magana da jama'a a kan daji, ruwa da namun daji, a wane sashe na jami'a yake zaune? Sannan yana riƙe mai shi kuwa? Ta biyun ba ta da wuyar amsawa: yana riƙewa, in ka san ƙofar shiga. Ta farkon ce sai an gyara zama.

Fannin ba shi da ɗaki guda. A Jami'ar Wiskonsin da ke Madison yana cikin kwalejin noma, a wani sashe da ya faro tun 1908 da sunan aikin jaridar noma, yau kuma ya koma sadarwar kimiyyar rayuwa. A Cornell ma sashen sadarwa a cikin kwalejin noma yake. A Jami'ar Jihar Kolorado akwai sashe sukutum da aikinsa ba nazarin itace ko dabba ba ne, nazarin mutanen da ke hulɗa da su ne. A Fulorida da Teksas za ka tarar da shi haɗe da ilimin koyar da aikin gona. Saboda haka in kana duba tallan aiki, kada ka kafe a kan suna ɗaya. Kujerar da ta dace da kai tana iya fitowa da sunan sadarwar kimiyya, ko sadarwar muhalli, ko sadarwar noma, ko nazarin ɗabi'un jama'a game da namun daji, ko kuma ƙwararren mai ba malaman gona horo. Na san waɗanda suka yi shekara suna cewa babu aiki, alhali aikin yana wucewa ta gabansu da wata riga.

Dalilin da ya sa fannin ya fi yawa a kwalejojin noma tarihi ne, kuma ya kamata ka san shi kafin ranar ganawa, don masu ɗaukarka suna alfahari da shi. A 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar Morrill, wadda ta ba jihohi filayen gwamnatin tarayya su sayar su kafa kwalejojin noma da aikin injiniya. Yawancin filayen nan daga hannun 'yan asalin ƙasar aka karɓe su, kuma a yau jami'o'in da kansu suna faɗin haka, kai ma kada ka yi kamar ba ka sani ba. A 1887 dokar Hatch ta kawo tashoshin gwajin noma. A 1890 aka ƙara kwalejojin baƙaƙen fata a jihohin kudu. A 1914 dokar Smith-Lever ta kafa tsarin malaman gona, inda jami'a ke da wakili a kusan kowace gunduma. A 1966 aka yi kwatankwacin haka ga teku da manyan tafkuna da sunan shirin Sea Grant, a 1994 kuma kwalejojin ƙabilun asali suka shiga sahu. Daga nan aikin ya tsaya a kan duwatsun murhu uku: koyarwa, bincike, da kai ilimi wajen jama'a. Mai fanninmu yana zaune ne daidai inda dutse na biyu da na uku suka haɗu, shi ya sa alƙalansa biyu ne. Akwai kwamitin farfesoshi da ke ƙirga takardun da ka wallafa. Akwai kuma makiyayi, da masunci, da mai gonar itace, waɗanda ba za su taɓa buɗe mujallar da ka yi rubutu a ciki ba, amma su ne za su ce ko aikinka na da amfani.

Bari in fara da alƙali na biyu, don shi ne ya fara kayar da ni.

Yawancinmu mun zo da tunanin cewa sadarwa wayar da kai ce: masana sun sani, jama'a ba su sani ba, aikinka ka ɗauki ilimi ka zuba musu da harshe mai sauƙi. In ka faɗi haka a laccar neman aiki, ka gama da kanka. Shekaru da dama ke nan masu fannin suna sukar wannan tunani, domin bincike ya yi ta nuna cewa ƙarin bayani shi kaɗai ba ya sauya halin mutum. Tun 1943 wasu masu bincike biyu, Ryan da Gross, suka bi manoman jihar Ayowa a kan karɓar sabon irin masara, suka ga cewa a bakin dillalai manomi ya fara jin labarin irin, amma maƙwabcinsa ne ya sa ya shuka. Daga baya masanin halayyar ɗan'adam Paul Slovic da abokan aikinsa suka nuna cewa mutane ba da ƙididdigar mace-mace kaɗai suke auna haɗari ba. Suna duba ko abin an ɗora musu ne ko su suka zaɓa, ko sun saba da shi, ko sun yarda da mai magana. Cibiyoyin bincike na jami'o'in Yale da George Mason kuwa tun 2008 suke raba Amurkawa gida shida a kan sauyin yanayi, daga masu firgici har zuwa masu ƙaryatawa, kuma saƙon da zai motsa gida ɗaya shi ne zai kori wani.

Na san duk wannan a takarda. Ban san shi a jikina ba sai ranar da wata malamar gona ta gunduma ta gayyace ni wani taro a kan ƙunar rigakafi, wato ƙona wani yanki na daji da gangan, a lokacin da ya dace, don rage busasshen itace da ciyawar da ke ciyar da babbar gobara. Zaure ne na gunduma, kujerun ƙarfe masu naɗewa, mutum wajen talatin, galibinsu masu kiwon shanu, da yawa ba su cire hulunansu ba. Na zo da hotunan majigi arba'in. Na yi bayanin yadda shekaru ɗari na kashe kowace wuta suka sa daji ya cushe, na kawo jadawali, na kawo taswira. Babu wanda ya katse ni, ni kuma na ɗauka shirun yarda ne. Da na gama sai wani dattijo daga baya ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce, in wutar ta tsallake shingena ta cinye ciyawar da zan ciyar da shanu da hunturu, wa zai biya? Ban da amsa. Ban ma taɓa karanta dokar jihar a kan alhakin wanda ya kunna wuta ba. Malamar gonar ce ta miƙe, ta kira shi da sunansa, ta tambaye shi lafiyar gwiwarsa, sannan ta yi masa bayanin inshora da takardar izini cikin minti uku. A mota muna komawa ba ta ce mini komai a kai ba, sai dai ta ce taro na gaba in zo da wuri in taya ta jera kujeru. Sai daga baya na gane cewa wannan shi ne darasin: a lokacin jera kujeru ake jin abin da ke damun mutane.

Mutanen nan ba jahilai ba ne. Ƙasar tasu ce ta daɗe tana gaya musu wuta abokiyar gaba ce. Tun 1944 hukumar gandun daji take amfani da hoton wani beyar mai hula da shebur, Smokey, daga baya kuma ta haɗa shi da taken cewa kai kaɗai ne za ka hana gobara. Yaƙin talla ne da ya yi nasara har ya wuce gona da iri, ga shi yanzu masana na son a yarda da wata wutar. Irin wannan kullin shi ne abincin fanninmu. Haka batun kyarkeci: a 2020 masu zaɓe a Kolorado suka amince a dawo da shi da rinjayen da bai kai kashi 51 cikin 100 ba, birane suka ce e, yawancin yankunan kiwo inda za a saki dabbar suka ce a'a, aka kuma saki na farko a Disambar 2023. Haka rabon ruwan Kogin Kolorado tsakanin jihohi bakwai a kan yarjejeniyar 1922, wadda aka ƙulla bisa lissafin ruwan da kogin ba ya kawowa a yawancin shekaru. In za ka yi aiki a yammacin ƙasar, ka san cewa gwamnatin tarayya ce ke da kusan kashi 28 cikin 100 na ƙasar Amurka, a Nebada ma wajen kashi 80, kuma makiyayi da yawa hayar kiwo suke yi a filin gwamnati. Idan irin wannan mutum ya ji ka ce “hukuma”, ba abin da kake nufi yake ji ba.

Baƙuntarka a nan ba lallai ta zama cikas ba. Wanda aka haifa a ƙasar, da ya buɗe baki an san ɓangaren siyasar da za a jefa shi. Kai ba a san inda za a ajiye ka ba, kuma kana da ikon yin tambayar da ɗan gida zai ji kunyar yi. Ka ce ba ka san yadda ake raba ruwan ban ruwa a kwarin nan ba, a nuna maka; za ka sha mamakin yadda mutum zai buɗe maka ciki. Amma wannan dama ce ta mai saurare. Mai zuwa da wa'azi, baƙo ne ko ɗan gida, hanya ɗaya ake nuna masa.

To, sai alƙali na farko, wanda shi ke riƙe da albashinka.

Fara da sunayen muƙamai, domin nan ne wanda ya saba da tsarin Ingila yake zamewa. A Birtaniya lakcara cikakken malamin jami'a ne mai kujera, daga nan ya hau babban lakcara har zuwa farfesa. A Amurka kalmar lakcara galibi tana nufin wanda aka ɗauka don koyarwa kawai, bisa kwantiragin shekara ɗaya ko uku, ba tare da alkawarin kujerar dindindin ba. Ƙasa da shi akwai malamin wucin gadi da ake biya kwas-kwas, sau da yawa babu inshorar lafiya. Hanyar da yawancin masu digiri na uku ke nema ita ce mai matakai uku: asistan farfesa, asoshiyet farfesa, cikakken farfesa. Kada kalmar asistan ta ruɗe ka, ba yaron kowa ba ne, shi ke da ɗalibansa da bincikensa. Sai dai yana cikin gwaji. Bisa al'adar da ƙungiyar farfesoshin Amurka ta shimfiɗa tun 1940, gwajin ba ya wuce shekara bakwai, kuma a aikace a shekara ta shida kake miƙa kundinka. In ka haye, ka sami abin da suke kira teniya, kujerar da ba a raba ka da ita sai da babban dalili. In ba ka haye ba, a ba ka shekara ɗaya ka nemi wani wuri. Babu zama a tsakiya. Wasu jihohi sun fara sassauta igiyar, Fulorida alal misali tana sake duba masu kujerar duk shekara biyar, don haka ka tambayi yadda abin yake a jihar da za ka.

Takarda mafi muhimmanci a rayuwarka ta jami'a ita ce wasiƙar ɗaukar aiki, kuma layi mafi muhimmanci a cikinta shi ne rabon lokacinka. Za ka ga an rubuta, misali, kashi 40 bincike, 40 koyarwa, 20 hidimar jami'a. A kwalejin noma kuma kana iya ganin kashi 60 aikin malaman gona, 40 bincike, babu aji ko ɗaya. Wannan lissafi ba ado ba ne. Da shi za a auna ka kowace shekara, da shi kuma za a yanke maka hukunci a ta shida. Wanda wasiƙarsa ta ce rabin lokacinsa bincike ne, ya kwashe shekara biyar yana zagaya gundumomi, ana yaba masa, ana ba shi lambar girmamawa, amma takardunsa uku, to ya gina gida a filin wani. Wanda kuma aka ɗauka don aikin malaman gona ya kulle kansa a ofis yana wallafa, shi ma ya saɓa. Kafin ka sa hannu, nemi a ba ka kundin ƙa'idojin ƙarin girma na sashen, a rubuce. Karanta ka ga ko bidiyo, da ƙasidar manoma, da shirin rediyo, da taron horo suna da maki, da kuma yadda ake son ka nuna tasirinsu. A wurare da yawa ba a tambayar mutum nawa suka halarci taronka. Ana tambayar mutum nawa suka sauya abin da suke yi bayan wata shida, kuma da wace hujja. Fara tara wannan hujja daga taronka na farko, don ba a iya tara ta bayan an wuce.

Abu na biyu a wasiƙar: wata nawa ake biya? Kujeru da yawa na wata tara ne. Albashin da ka gani na watannin karatu ne, daga Agusta zuwa Mayu, bazara kuwa sai ka nemo kuɗinta daga tallafin bincike ko koyar da kwas na musamman. Jami'o'i da dama suna barin ka ka ce a shimfiɗa maka albashin wata tara a kan wata goma sha biyu. Yi haka a shekarar farko, in ba haka ba Yuli zai same ka da kuɗin haya a wuya. Masu aikin malaman gona sun fi samun kujerar wata goma sha biyu.

Na uku shi ne jarin farawa. Masu ɗakin gwaji suna neman na'urori, mu kuwa sai mu ji nauyin tambaya, mu ce ai kwamfuta ta ishe mu. Kuskure ne. Binciken ra'ayin masu filaye ta wasiƙa yana cin kuɗi: buga takardu, kuɗin aikawa sau uku ko huɗu, sayen jerin adireshi, ɗan tukuicin da ake sawa a ambulan. Ga kuɗin rubuta hirarraki, ga man mota, ga uwa uba ɗalibin digiri na biyu ko na uku da za a biya wa kuɗin makaranta da alawus na shekara biyu. Rubuta su duka da farashinsu ka miƙa wa shugaban sashe. Ciniki a wannan gaɓa ba rashin kunya ba ne, ana sa ran za ka yi, kuma tsakanin ranar da aka yi maka tayi da ranar da ka sa hannu ne kawai kake da ƙarfin faɗa a ji. Nemi a rage maka kwas ɗaya a shekarar farko. Duk abin da aka yi maka alkawari da baki, ka ce a sa a wasiƙa, domin shugabannin sashe suna sauyawa.

Wallafa kuwa, sunayen mujallun da kwamiti zai gane ba su da yawa: Environmental Communication, Science Communication, Society and Natural Resources, Human Dimensions of Wildlife, Journal of Applied Communications, Risk Analysis. Tambayi manyan sashenka waɗanne suke ɗauka da daraja, don abin da sashen sadarwa ke girmamawa ba shi ne na sashen gandun daji ba. A wani wurin takarda mai marubuta takwas abu ne na yau da kullum, a wani kuma ana son a ga wadda kai ne na farko ko kai kaɗai. Mujallar da ta aiko maka saƙo tana yabonka tana alkawarin bugawa cikin mako biyu in ka biya, guje ta. Takarda ɗaya a irin wannan wuri tana ɓata goma masu kyau. Kuma ka sani, a shekara ta shida za a aika kundinka ga farfesoshin wasu jami'o'i, waɗanda ba su koyar da kai ba kuma ba ku yi rubutu tare ba, su faɗi ra'ayinsu. Dole ke nan a san ka a waje. Zaɓi taro ɗaya ko biyu ka riƙe, kamar na ƙungiyar sadarwar muhalli ta duniya, IECA, ko na ƙungiyar nazarin al'umma da albarkatun ƙasa, IASNR, ka riƙa zuwa har fuskarka ta zama sananniya.

Akwai wani rami da aka haƙa daidai ƙafar mai fanninmu. Hukumar NSF, mai ba da tallafin binciken kimiyya ta gwamnatin tarayya, tana auna kowace buƙatar tallafi da ma'auni biyu: ingancin ilimin, da amfaninsa ga al'umma. Masanin ruwa ko na ƙasa yakan rubuta nasa ya gama, saura kwana huɗu a rufe, sai ya tuna da ma'auni na biyu, ya ƙwanƙwasa ƙofarka: ko za ka shigo ka yi mana shafin intanet da ɗan bidiyo? Sabon zuwa sai ya ji daɗi an san da shi. Ka shiga irin wannan sau biyar, ka zama mai yi wa kowa talla, ba ka da tambayar bincike taka. Amsar da na koya ita ce: zan shigo, in akwai tambayar da zan bincika, da kasafin kuɗi da sunana, da ɗalibi. Wanda ke son abokin aiki zai yarda. Wanda ke neman mai ɗaukar hoto zai tafi, ka huta.

Ka kuma nemi naka. NSF tana da tallafin shekara biyar na matasan farfesoshi mai suna CAREER, wanda ba ya gaza dala 400,000. Ma'aikatar noma tana bayarwa ta hannun cibiyarta ta abinci da noma, NIFA. Amma a 2025 an soke tallafin tarayya da dama, har da masu alaƙa da sauyin yanayi, don haka kada ka zuba ƙwanka duka a kwando ɗaya. Hukumomin namun daji na jihohi abokan hulɗa ne da sababbi ke mantawa da su. Kuɗinsu yana fitowa ne daga lasisin farauta da kamun kifi, da kuma harajin bindigogi da harsasai da dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ware musu, shi ya sa kullum suna son sanin abin da mafarauta da masu filaye ke tunani. Kwantiraginsu ƙanana ne, amma suna zuwa da sauri, kuma suna haifar da takarda.

Kafin ka yi wa ko mutum ɗaya tambaya da sunan bincike, sai kwamitin kare haƙƙin mahalarta, IRB, ya amince. Babu izinin da ake bayarwa a baya: bayanan da ka tara kafin amincewa sun tashi a banza. Yi horon intanet ɗin da suke buƙata a makonka na farko. In aikin ya shafi ƙabilun asali, waɗanda gwamnatin tarayya ta amince da sama da 570, ka tuna kowace gwamnati ce mai cin gashin kanta, wasu suna da nasu kwamitin, kuma izinin jami'arka bai wadatar ba.

A aji, takardar tsarin kwas da ka raba ranar farko kamar yarjejeniya ce. Abin da ba ka rubuta ba, kada ka hukunta ɗalibi a kansa. Dokar FERPA ta 1974 ta hana ka manna sakamako da sunaye a bango, ta kuma hana ka gaya wa uba makin ɗansa ba da izinin ɗan ba. Ɗalibai za su kira ka da sunanka ko su yi maka gardama a bainar jama'a, ba raini ba ne. A ƙarshen zango su ne za su ba ka maki, kuma wasu za su yi ƙorafin lafazinka. Abin yana da ciwo. Abin da ya taimake ni shi ne in faɗa da bakina ranar farko cewa duk wanda bai ji ba ya tsayar da ni, in rubuta muhimman kalmomi a allo, in kuma gayyaci wani babban malami ya zauna a ajina ya rubuta rahoto, don kada kundina ya dogara ga bakin ɗalibai kaɗai. Kwamitoci kuma za su yi ta neman ka, musamman in kai kaɗai ne baƙar fata ko baƙo a sashen. Karɓi ɗaya ko biyu. Sauran ka ce za ka shawarci shugaban sashe, shi ya ƙi a madadinka.

Batun takardun zama ba a wasa da shi. In kana karatu da bizar ɗalibai ta F-1, duba lambar fannin da ke kan fom ɗin I-20 da jami'a ta ba ka. Kowa na samun wata 12 na aiki bayan kammalawa, amma ƙarin wata 24 sai fannin da ke cikin jerin kimiyya da fasaha na gwamnati. Mutum biyu suna iya yin bincike iri ɗaya, ɗaya a sashen sadarwa ɗaya a sashen kimiyyar muhalli, ɗaya ya sami ƙarin ɗaya ya rasa. Tambaya tun kafin ka karɓi gurbin karatu. Bizar J-1 ta masu bincike tana kai shekara biyar, sai dai wasu masu ita, musamman waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu, dole su koma gida shekara biyu kafin su sami H-1B, wato bizar aiki ta ƙwararru, ko katin zama na dindindin. Jami'o'i ba sa cikin ƙayyadadden adadin H-1B na shekara-shekara, wannan sauƙi ne, amma bizar shekara shida ce, kusan daidai da tsawon gwajinka. Akwai hanya ta musamman ta neman katin zama ga malaman da ke koyarwa, wadda dole jami'a ta shigar cikin wata 18 daga ranar da aka zaɓe ka. Sashe yana iya mantawa, kai kada ka manta. A Satumban 2025 an ɗora kuɗin dala 100,000 a kan wasu sababbin buƙatun H-1B, kuma dokokin shiga ƙasar suna sauyawa da sauri. Ofishin baƙi na jami'a da lauyan shige da fice su ne abin tambaya, ba zauren WhatsApp ba.

Neman aikin kansa yana da kaka. Talla na fitowa daga Agusta zuwa Nuwamba, a yi tantancewar farko ta bidiyo, a gayyaci mutum uku ko huɗu harabar jami'a tsakanin Janairu da Maris, a fara aiki a Agusta. Za a nemi wasiƙar neman aiki, da tarihin karatu da aiki, da bayanin bincikenka, da na koyarwarka, da sunayen mutum uku masu shaidarka. A tarihin aikin kada ka sa hoto, ko ranar haihuwa, ko aure, ko addini. Ziyarar kwana biyu ce, kuma duk wanda ka haɗu da shi, har ɗalibin da ya ɗauko ka daga filin jirgi, ana iya tambayarsa ra'ayinsa. Laccarka ta kusan minti 45 ce, a gaban masana itace da kifi da tattalin arziki waɗanda ba su san ƙa'idojin sadarwa ba. In mai neman kujerar sadarwa ya kasa fahimtar da su, ya ba da amsa da kansa. In bincikenka na digiri a wata nahiya ka yi shi, kada ka ɓoye, kuma kada ka tsaya a can. Ware minti goma na ƙarshe ka nuna yadda tambayarka za ta yi aiki a jiharsu, da sunan kogin, da sunan hukumar da za ka nema, da tallafin da za ka fara bi.

Idan ba ka samu a zagayen farko ba, aikin bincike na shekara biyu bayan digiri na uku, ko aiki da shirin Sea Grant, ko da wata hukumar jiha, ba koma baya ba ne a wannan fanni; sau da yawa shi ke ba ka abin faɗa a laccar shekara mai zuwa. Kanada tana bin tsari mai kama da na Amurka, Jami'ar Wageningen ta Holan kuma tsohuwar cibiya ce ta nazarin sadarwar noma, in hankalinka ya karkata can.

In kuwa ka samu, to a watanka na farko, kafin aji ya yi zafi, nemi jerin malaman gona na gundumomin jiharka. Zaɓi uku da suka fi daɗewa a aiki, ka rubuta wa kowanne layi biyu: kai sabo ne, kana so ka bi shi yini ɗaya a mota. Kada ka tafi da majigi. Tafi da takalmin da ba ka jin tausayinsa, da littafin rubutu, ka isa kafin lokacin da aka ce.